Famfon kankare a shantiye: aikin yini cikin awa biyu, amma kuskure ɗaya ya isa

Tun gine-ginen da aka yi a Yamai gabanin taron Tarayyar Afirka na 2019, motar famfon kankare mai dogon hannu ta daina zama baƙuwa a Nijar. Matasan da ke aikin gini a Aljeriya da Libiya ma da ita suke wuni. Dal ɗin da a da leburori ke zubawa da kwano a ka, yanzu tiyo ke kai masa kankare har hawa na biyar. Sai dai injin ba ya yafe ganganci.

Haɗarin farko yana ƙasa. Mita ɗaya ta kankare, tsawo da faɗi da zurfi, ta kai kilo 2,400, kuma idan hannun ya miƙe, nauyin motar kan koma kan ƙafa ɗaya. Shi ya sa ake buɗe ƙafafun huɗu gaba ɗaya, a ɗora su kan katako mai kauri ko farantin ƙarfe. Ƙasar da damina ta jiƙa, ko wadda ke kan tsohuwar shadda, tana iya burmawa. Kusa da rami kuwa, ƙa'idar ita ce a ja baya mita ɗaya kan kowace mita ta zurfinsa.

Na biyu yana sama. Wayar lantarki ba sai an taɓa ta ba, wuta na iya tsallakowa, ta bi jiƙaƙƙen kankare har hannun mai riƙe da tiyo. Masu sana'ar na barin tazarar mita 6. Inda wuri ya yi ƙunci, a nemi Nigelec ta yanke wuta kafin a ɗaga hannun.

Na uku yana cikin bututun. A zafin Afrilu da Mayu kankare na saurin daskarewa, kuma idan motar cakuɗa ta makara, bututu ya toshe. Nan ne wasu ke kwance maɗaurin ƙarfe da gaggawa, kankare ya fashe musu a fuska. Direba ya fara juya famfon baya don rage matsi, sannan a buɗe. Haka in iska ta shiga, bakin tiyo kan yi bulala lokacin da aka sake tayar da injin, don haka kowa ya ja da baya har kankare ya riƙa fita daidai. Wajen wanki, ruwa da ƙwallon soso sun fi iskar kwamfureso aminci.

Mutum ɗaya kaɗai ke ba direba alama. Hular kwano, tabarau, safar hannu da takalmin roba dole ne, domin siminti na ƙona fata. Ɗan ci-ranin da aka miƙa wa tiyo ranar farko ba tare da horo ba, yana da haƙƙin ya ce a nuna masa tukuna. Kuɗin da ake jira a gida ba ya zuwa daga gadon asibiti.