Dukan Mata da Tsoron Allah a Cikin Littattafan Ƙagaggun Labarai

Idan mace ta yi yaji ta komo gida da kumburarren ido, a Kara ne ko Gwarzo ko Kabo, maganar da ke jiran ta a bakin zaure ba ta wuce "ki yi haƙuri, zaman aure ibada ne." Musulma takan ji ta daga iyaye da limamin unguwa. 'Yar'uwarta Bahaushiya Kirista, wadda ake samun irinta a ƙauyukan yammacin Kano, takan ji ta daga fasto da dattawan ikilisiya. Kowa ya yi magana, ita kaɗai ce ba a tambaya. Wannan giɓin ne marubuta ƙagaggun labarai suka shiga, domin littafi yana iya sa mai karatu ya zauna cikin ɗakin da maƙwabta ke jin ihu ta bayan katangarsa.

A ɓangaren Kiristanci, littafin da ya fi fito da lamarin fili a Najeriya shi ne Purple Hibiscus na Chimamanda Ngozi Adichie, wanda ya fito a 2003. Eugene Achike attajiri ne a Enugu, ɗan Katolika mai yawan ibada, mai masana'antu da jarida, mai kyauta ga coci da talakawa. A gida kuwa yana dukan matarsa Beatrice har cikinta ya zube. Da ya ji 'yarsa Kambili ta kwana gida ɗaya da kakanta mai bin addinin gargajiya, sai ya tsayar da ita a bahon wanka ya kwarara mata tafasasshen ruwa a ƙafa, yana kuka, wai yana raba ta da zunubi.

Abin da ya ba littafin ƙarfi shi ne bai jefar da addinin ba. Ifeoma, 'yar'uwar Eugene da ke koyarwa a jami'ar Nsukka, ita ma Katolika ce, amma a gidanta addu'a da dariya tare suke tafiya. Ita ce ke gaya wa Beatrice ta tsira da ranta, kuma a gidanta 'ya'yan Eugene suka koyi ɗaga kai su yi magana. Imani ɗaya, hannu biyu: ɗaya ya mai da shi bulala, ɗaya ta mai da shi mafaka. Ƙarshen labarin ba daɗi. Beatrice ta riƙa sa wa mijin guba a shayi har ya mutu, ɗanta Jaja ya ɗauki laifin ya tafi kurkuku. Shirun da aka tilasta mata ne ya haifi wannan.

Mu ma nan Kano muna da namu. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka aurar tana yarinya ƙarama, ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, aka fassara shi zuwa Turanci a Indiya a 2012. A labarin, Alhaji Abdu ya tauye wa matarsa Rabi ci da sutura, ya auro Delu, ya kori uwargida da 'ya'yanta tara. Rabi ta kama sayar da abinci ta tsaya da ƙafarta. Da gobara ta cinye dukiyarsa, sai dangi suka taru a kanta ta koma. Mai karatu yakan rufe littafin yana tambayar kansa, shin wa aka tausaya wa a nan?

Kada a ce labari ne kawai. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 31 cikin 100 na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 sun taɓa fuskantar duka. Dokar Penal Code ta Arewa, a sashe na 55, ta bar wa miji ƙofar "ladabtar" da matarsa muddin bai yi mata mummunan rauni ba, duk da cewa dokar tarayya ta 2015 mai hana cin zarafi ta haramta dukan abokin aure.

Mai duka yakan haddace ayar da ta yi masa daɗi. In Kirista ne, ya san inda Wasiƙar Afisawa, sura 5, ta umarci mata da biyayya, ya tsallake inda ta umarci maza su ƙaunaci matansu kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikilisiya. Haka takwaransa Musulmi ke mantawa Manzon Allah (SAW) bai taɓa dukan mace ba.

A ganina, Hausawa Kirista masu alƙalami su ne suka fi cancanta su rubuta irin wannan labari da Hausa, da sunayen garuruwanmu, yadda za a karanta shi a taron Zumuntar Mata na coci ranar mako. Su kuma fastoci da limamai da masu unguwanni, idan mai rauni ta zo gabanku, ku fara kai ta asibiti ku saurare ta ita kaɗai, kafin ku kira mijin a yi zancen sulhu.