Yoyon Dubura a Ƙarƙashin Sunan Basir: Fahimta da Rigakafi a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

1.0 Gabatarwa

A kasuwannin ƙananan hukumomin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, kamar sauran ƙasar Hausa, da wuya a rasa mai tallar maganin basir da lasifika. A bakin jama'a, kalmar basir kan rufe kusan duk wata lalurar dubura: tsiro, zubar jini, tsagewa, fitar baya da ƙurji. Wannan maƙala ta dubi ɗaya daga cikin cututtukan da sunan ya ɓoye, wato yoyon dubura, domin nuna cewa kuskuren suna kan jawo kuskuren magani.

2.0 Matsalar Suna

Hausa ta aro basir daga Larabci, basur. Sai dai Larabci yana da wata kalma dabam, nasur, wadda ke nufin ramin da ke tsiyayar mugunya, ita kuwa ba ta zauna a bakin Hausawa ba. Kalmar yoyo kuma ta fi shahara a kan yoyon fitsari na mata, wanda akasari doguwar naƙuda ke haddasawa, kuma ake gyara shi a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina. Yoyon dubura ba shi da alaƙa da haihuwa, hasali ma ya fi kama maza. Saboda haka namijin da ke fama da shi ba ya jin kansa cikin masu yoyo, sai ya ɗauka basir ne ya tsananta.

3.0 Yadda Cutar Ke Samuwa

A cikin dubura akwai wasu ƙananan jakunkuna masu fitar da yauƙi. Idan bakin ɗaya ya toshe, ƙwayoyin cuta kan taru su zama maruru. Marurun kan fashe ta fatar da ke gefen dubura, majiyyaci ya sami sauƙi, ya zaci ya warke. Amma a wajen kimanin mutum 1 cikin 3, wata siririyar hanya kan saura tsakanin cikin hanji da fata. Ita ce yoyon. Tunda ƙazanta na ci gaba da shiga ta bakin ciki, bakin waje ba ya rufuwa, in ma ya rufe sai ya sake kumbura. Alamominsa su ne tsiyayar mugunya ko ruwa mai wari, zafi wajen zama, ƙaiƙayi, da marurun da ke dawowa wuri guda. Tarin fuka da cutar ƙanjamau na iya haddasa shi, ciwon sukari kuwa kan hana rauni saurin warkewa.

4.0 Magani

Cutar daɗaɗɗiya ce. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya bayyana aikinta a littafinsa At-Tasrif. A 1686 aka yi wa Sarkin Faransa Louis na 14 tiyatarta, a 1835 kuma aka kafa asibitin St Mark's a Landan domin ita da danginta. Har yau tiyata ce maganinta: likita kan buɗe hanyar ta warke daga ƙasa, ko ya zura zare na musamman idan ta ratsa tsokar da ke tsuke dubura. A nan haɗarin askar wanzami yake, domin idan aka datse wannan tsoka mutum na iya kasa riƙe bayan gida har ƙarshen rayuwarsa. Jiƙo da gari da ƙwayoyin kemis kuwa ba sa toshe hanyar.

5.0 Rigakafi

Ba kowane yoyo ake iya kauce wa ba, amma ana iya hana shi yin rassa. Babban mataki shi ne kai marurun dubura asibiti da wuri a fitar da mugunyar, kafin ta haƙa wa kanta hanya. Sai tsarki da ruwa mai tsabta, da cin ganye irin su zogale, rama da kuka, da yawaita shan ruwa domin guje wa taurin bayan gida. Mai yoyon da ke tare da tari da rama ya nemi gwajin tarin fuka.

A wannan yanki jinkiri na da dalilai biyu: kunya, da rashin tsaron da ya sa tafiya daga ƙauye zuwa babban asibitin Funtuwa, ko na koyarwa da ke Shika a Zariya, ta zama abin fargaba. Dalili na biyu ya fi ƙarfin majiyyaci, na farko kuwa harshe na iya sassauta shi. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

6.0 Kammalawa

Aikin da ke gaban masana Hausa shi ne daidaita sunan da zai raba wannan cuta da basir, tare da kalmomin sakaya da malamin asibiti, mai shirin rediyo da limami za su iya furtawa a bainar jama'a ba tare da jin nauyi ba. Manomin Sabuwa da ya san abin da ke damunsa ba basir ba ne, ba zai ɓata shekaru yana sayen maganin cutar da ba ita yake da ita ba.