Yadda Bangaladash take hana ruwa cin yara

Bangaladash ƙasa ce ta nahiyar Asiya, maƙwabciyar Indiya. Babban birninta shi ne Daka. Ƙasa ce mai yawan ruwa. Manyan koguna sun ratsa ta, kuma ƙauyukanta cike suke da tabkuna. A tabki ake wanka, ake wanki, ake kiwon kifi.

Amma ruwan nan mai amfani yana da haɗari. A wannan ƙasa, nutsewa ta fi kowace cuta kashe yara ƴan shekara 1 zuwa 4.

Masu bincike suka bi ƙauyuka suna tambaya. Suka gane galibin yaran ba a babban kogi suke nutsewa ba, a tabki ne ko rami na kusa da gida. Abin ya fi faruwa daga hantsi zuwa azahar, lokacin da uwa take girki, uba kuma yana gona. Yaron da ke nutsewa ba ya iya kuwwa, don ruwa ya cika masa baki. Cikin minti kaɗan sai rai ya yi halinsa.

Sai aka samo magani iri biyu.

Na farko shi ne gidan reno. Ana zaɓen mace guda cikin ƙauye, a horar da ita. Kowace safiya uwaye su kawo mata ƙananan yara. Daga ƙarfe 9 zuwa ƙarfe 1 na rana suna wurinta, suna waƙa, suna wasa, suna koyon ƙirga. Ba wanda zai sulale ya nufi tabki.

Na biyu shi ne koyon iyo. Ba a gina wurin iyo na siminti ba, don yana da tsada. Ana kafa dandamali na gora cikin tabkin ƙauye, a kewaye shi da shinge. A ciki malami yake koya wa yara. Yaro bai gama koyo ba sai ya iya iyo na mita 25, ya iya tsayawa bisa ruwa daƙiƙa 30. Ana kuma koya masa ceton wani da sanda ko igiya, ba tare da ya faɗa ruwan ba.

Duk wannan aiki yana son kuɗi. Da farko ƙungiyoyin agaji ne suke biya. A shekarar 2022 gwamnatin ƙasar ta amince da wani shiri na wajen dalar Amurka miliyan 32, ta ɗauki nauyin kashi 80 cikin 100. An ƙudura buɗe gidajen reno 8.000 don yara 200.000, da koya wa yara 360.000 iyo, ƴan shekara 6 zuwa 10. Kuɗin gwamnati kuɗin jama'a ne. Ke nan jama'a ce ta haɗa hannu don tsaron ƴaƴanta.

Ba Bangaladash kaɗai ke da wannan matsala ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum wajen 300.000 suka nutse a duniya a shekarar 2021. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa.

A Nijar ranar tana faɗowa cikin damina, lokacin da Gulbin Maraɗi yake gudu, tabkuna da ramukan tubali suka cika. Dabarun Bangaladash suna da amfani a nan ma. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai kusa da ruwa. Wanda ya ga wani yana nutsewa, sai ya kira manya da ƙarfi, ya miƙa masa sanda daga bakin gaɓa.

Tambayoyi
1. A wane lokaci ne yara suka fi nutsewa? Don me?
2. Mene ne amfanin gidan reno?
3. Ta yaya ake ceton wanda ke nutsewa?