Gamba da gadagi: yadda ake rayar da wurin kiwon tumaki

A ƙasar Hausa ta Nijar, tunkiya ita ce asusun talaka. Ita ce ta suna, ita ce ta layya, ita ce kuma ake kai kasuwa ranar da rumbu ya ƙare. Amma wurin kiwonta kullum sai ƙara matsewa yake yi. Gonaki sun cinye daji, farin 1973 da na 1984 kuwa sun kashe ciyayi masu kyau a wurare da dama. A jahohin Maradi da Damagaram, filaye da burtali masu yawa garmani ya mamaye su, hakin da bisashe ba su damu da shi ba. Irin wannan fili ba ya farfaɗowa da kansa, sai an shibka shi kamar gona. Kuma ba da iri guda ba.

Haki iri 3 ne ke haɗuwa su ƙosar da tunkiya. Na farko ciyawa mai kara, kamar gamba, kyasuwa da komayya: ita ce ke cika ciki. Na biyu dangin wake, wato gadagi, marak, wake da gujiya. Na uku masu yaɗo, kamar yambururu da yaɗiya, wadda ke zama ɗanya har cikin rani.

Dalilin gauraya su a fili yake. Ciyawa in ta bushe tsaye, abin gina jiki da ke cikinta ba ya wuce kashi 3 ko 4 bisa 100, alhali harawar wake tana da fiye da kashi 10. Shi ya sa rago kan wuni yana cin busasshiyar ciyawa amma yana ramewa. Bayan haka, a saiwar dangin wake akwai ƙananan ƙulle-ƙulle inda wasu ƙwayoyin halitta ke jawo taki daga iska. Ta haka ƙasa ke samun ƙarfi, ciyawar da ke kusa ita ma ta amfana.

Aikin yana farawa tun da kaka, lokacin da ake tara irin ciyayi a adana shi wurin da babu laima. Da rani, in ƙasar ta zama fako, sai a gina ramuka masu siffar rabin wata, kamar 300 a hekta guda, bakinsu yana duban inda ruwa ke gangarowa, a zuba masu taki. Da damana ta zauna, cikin watan Yuni ko Yuli, sai a watsa irin a gauraye, a rufe shi da ƙasa kaɗan. Gamba kuwa ana iya tsaga gindinta a dasa, don tana shekaru ba ta mutu ba. Garmani a tuge shi kafin ya yi fure.

A shekarar farko ba a sakin bisashe cikin filin, don haki ya zuba iri. Daga baya sai a kasa shi kashi-kashi, a yi kiwo a wannan, wancan yana hutawa, domin tunkiya tana tsince ganye mai daɗi har ƙasa, in aka bar ta wuri guda gadagi ne zai fara ɓacewa. Akwai kuma abin lura: ɗanyen marak, in dabba ta ci shi da yawa bisa yunwa, yana kawo kumburin ciki mai kisa. Rigakafinsa shi ne a ba ta busasshiyar ciyawa da safe kafin ta fita.

Abin da za a aje don rani, a yanke shi yana fure, a shanya a inuwa, a ɗora bisa rumfa saboda gara. Babban rago na bukatar wajen kilo 1 na busasshen abinci kowace rana. Mai gona na iya ƙarawa da nasa: cibiyar binciken noma ta INRAN, da aka kafa a 1975, ta zaɓo ire-iren wake a tasharta ta Tarna kusa da Maradi, a kwaruruwan jahar Tawa kuwa ana shibka waken dolik bayan janyewar ruwa. Gawo da aka bari cikin gona shi ma yana zubar da ƴaƴansa daidai lokacin da daji ya bushe.

Sai dai filin gari ba na mutum guda ba ne. In manoma da makiyaya ba su zauna gaban maigari sun shirya ba, garke guda ya isa ya lalata aikin shekara cikin dare ɗaya. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, waɗanda ke shata iyakar wuraren kiwo da burtali. Garin da ke son rayar da filinsa, ya fara da rubuta yarjejeniyarsa gaban wannan kwamiti: wane yanki za a rufe, har yaushe, wa zai yi gadi. Sa'annan a shiga tara iri.