Gida a Kan Taya da Hanyar da Ta Kuɓuce wa Arewa

A ranar 7 ga Afrilu, 2024, birnin Legas ya yi wa wata matashiya mai suna Pelumi Nubi tarba ta girma. Tun ƙarshen watan Janairu ta baro Landan ita kaɗai, cikin wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107 wadda ta gyara cikinta ta fitar da wurin kwanciya, ta shafe fiye da wata biyu a hanya. Jaridu sun yaba mata, kuma ta cancanci yabon. Amma duk wanda ya shimfiɗa taswira ya bi sawun tayarta da yatsa zai ga abin da ya kamata ya dami ɗan Arewa. Gaɓar teku ta biyo: Maroko, Murtaniya, Sanagal, ta yi ta gangarowa har Gana da Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta iyakar Seme. Shekaru hamsin da suka wuce, hanyar da matafiya irinta suka fi sani ita ce ta tsakiyar Sahara, daga Aljeriya zuwa Agadas, Damagaram, Kano, sannan Zariya da Kaduna. A da mu ne ƙofar shigowa, yau kuwa kewaye mu ake yi.

Abin da wannan matashiya ta yi wa motarta, a Turai sana'a ce mai zaman kanta. Akwai motocin da ake ƙerawa musamman da ɗaki a ciki: gado, wurin girki mai tukunyar gas, 'yar firji, tankin ruwa da makewayi. Magidanci ya yi hayar ɗaya na mako biyu, ya ɗebi iyalinsa, inda dare ya yi musu nan ne masauki. Ƙasar Ayilan na cikin wuraren da aka fi sha'awar irin wannan yawo, kuma dalilin haka abin nazari ne. A 2014 hukumar yawon buɗe ido ta ƙasar ta ƙaddamar da wata hanya da ta kira Wild Atlantic Way, mai tsawon kimanin kilomita 2,500, wadda ta bi bakin tekun Atlantika tun daga Donegal a arewa har garin Kinsale a kudu. Mai karatu zai zaci wani katafaren titi aka gina. Ko kusa. Tsoffin hanyoyin ƙauyuka ne, wasunsu ma da ƙyar motoci biyu ke giftawa. Abin da hukumar ta yi shi ne ta haɗa su ƙarƙashin suna guda, ta kafa alluna masu alama iri ɗaya, ta ware wurare fiye da 150 inda matafiyi zai tsaya ya ba idonsa abinci, kamar tsaunukan Moher da suka miƙe sama da mita 200 a kan teku. Sauran aikin kuma mutanen garuruwa suka yi: wannan ya buɗe filin kwana mai wutar lantarki da ruwa, wancan ya buɗe gidan abinci, wani ya sayar da madara da burodi.

Tsibirin Ayilan gaba ɗayansa bai kai ninki biyu na jihar Kaduna ba. Kuma mutanensa ba baƙinmu ba ne, domin limaman cocin Katolika da suka fito daga can suna cikin waɗanda suka rena makarantar St. John's, wadda yau muke kira Kwalejin Rimi. To, su da suka zo nan suka koyar da mu labarin ƙasa, sun koma gida sun mayar da duwatsu da iska da ruwan sama abin sayarwa.

Kada a ce wannan al'adar Nasara ce da ba ta shafe mu ba. Kafin Turawa su san injin mota, Bahaushe ya riga ya ƙware a zaman gida a kan hanya. Ayarin fataken da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni, da madugu a gaba yana sasantawa da sarakunan hanya kan fito da kuɗin wucewa, da jagaba mai sanin inda ruwa yake, da mata masu girki, da jakuna ɗauke da tabarmi da tukwane. Tsarin nan gaba ɗaya a kan abu guda ya dogara, wato zango: wurin da baƙo zai sauke kaya ya kwana da tabbacin cewa shi da dukiyarsa suna cikin amanar mai gari. Shi ya sa har yau sunan ya ƙi ɓacewa, daga Zangon Kataf da Zangon Aya a nan jihar Kaduna, zuwa Zangon Daura, har zangunan Kumasi da Akara. Bafulatanin da ke ɗora bukkarsa a bayan takarkari shi ma haka. Motar Turawa mai ɗaki ba ta zo da sabon tunani ba, taya kawai ta sa wa tsohon.

Da mota ta zo, hanyar Sahara ta ƙara raya. A shekarun 1930 wani kamfanin Faransa mai suna SATT ya riƙa jigilar fasinja daga birnin Aljiyas, ta In Salah da Tamanrasset da Agadas da Damagaram, har Kano. Ta ɓangaren gabas kuma, alhazai sun riƙa hawa manyan motoci masu bodin katako su bi Maiduguri, su ratsa Cadi da Darfur zuwa bakin Bahar Maliya, suna girki da kwana a gindin mota. Sunan Wapa da ke Fagge a Kano, inda yau ake canjin kuɗi, ya samo asali ne daga ƙungiyar jigilar alhazai da attajiran Kano suka kafa a wancan zamani. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 sai ga matasan Turai sun ɓarko, wasu a Land Rover, wasu a bas ɗin Volkswagen da suka mayar ɗaki, wasu a manyan motocin soja da aka yi wa kujeru, suna nufin Nairobi ko Afirka ta Kudu. Kano ce babban zangonsu bayan wahalar rairayi, har gwamnatin jihar ta tanadar musu sansanin baƙi a kan titin Bompai. A nan suke gyara mota, su canza kuɗi, su sayi jakunkunan fata a Kurmi. Wasu su wuce Jos da Yankari, wasu su gangaro Kaduna neman takardun shiga ƙasashen gaba ko kayan gyara, musamman bayan da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kakuri a 1975. Makanikai da masu faci da masu shayi duk sun ci arzikin wannan zirga-zirga.

Rufewar hanyar ba a rana ɗaya ta faru ba. Tawayen Abzinawa a arewacin Nijar ya fara a 1990, yaƙin basasar Aljeriya ya biyo baya a 1992. A 2003 aka sace Turawa 'yan yawon buɗe ido 32 a Saharar Aljeriya. Tseren motoci na Dakar, wanda ya sha ratsa Agadas, an soke shi a 2008, ya koma Kudancin Amurka, daga bisani Saudiyya. Boko Haram ta toshe ƙofar gabas. Waɗannan duk za mu iya cewa ƙaddara ce da ta fi ƙarfin mutumin Kaduna.

Abin da ya fi ciwo shi ne na cikin gida. A bar maganar Turawa, a ɗauki ma'aikaci mai rufin asiri a Malali ko Unguwar Dosa, mai mota Sienna da 'ya'ya huɗu da hutun mako guda. A takarda, Allah ya ba shi abin da ɗan Ayilan zai yi ƙyashi. Kafin ya bar gari ma yana iya kai yaran Gidan Arewa da ke titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, su ga ɗakunan tarihi da takardun da aka adana. Ya biya da su gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu su ga kawunan Nok, ya ƙarasa Gamji su taka gadar ƙarfen Lugga, wadda aka kafa a Zungeru a 1904 aka kwance ta aka kawo Kaduna a 1954. Daga Kawo ya miƙi hanyar arewa, ya ratse Turunku inda tarihin Bakwa da Amina yake kwance cikin duwatsu, ya kwana Zariya ya ga Kufena da masallacin Juma'ar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina. Washegari Kano: Dala, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata. Daga nan Daura da rijiyar Kusugu, Katsina da hasumiyar Gobarau. In kuwa kudu ya fi so, ga ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, ga ruwan Matsirga kusa da Kafanchan yana zubowa daga tsayin kusan mita 30, ga dutsen Kagoro, ya haura Jos ya faɗa Yankari ya yi wanka a Wikki, ruwan da ɗuminsa ba ya sauka daga kusan digiri 31 dare da rana.

Yanzu a tambayi magidancin nan ko zai yi. Zai yi dariya. Yana tune da cewa a Afrilun 2019 'yan bindiga sun afka wa gidan shaƙatawa na Kajuru, wanda wani Bajamushe ya gina da dutse a shekarun 1980, suka kashe wata ma'aikaciyar agaji 'yar Ingila da wani ɗan Najeriya. Yana tune da ɗaliban kwalejin gandun daji ta Afaka da aka kwashe a Maris ɗin 2021, nan bayan Mando, ba wani daji mai nisa ba. Yana tune da jirgin ƙasan Abuja na ranar 28 ga Maris, 2022. Gandun dajin Kamuku da ke Birnin Gwari, wanda ya zama na ƙasa a 1999 domin a je a ga namun daji, shekara da shekaru sunansa ya koma wani abu dabam a bakin jama'a. Wanda ke lissafin yadda zai isa masauki kafin la'asar sakaliya, ina shi ina kwana a mota a gindin dutse? Sai kuma man fetur, wanda kafin cire tallafi a Mayun 2023 bai kai naira 200 lita ba, kafin ƙarshen 2024 ya haura dubu. Ga shingayen bincike da ba su ƙidayuwa, inda mota mai katifa da tukunyar gas a ciki za ta sha tambayoyi.

Asarar da ke cikin wannan ta wuce ta kuɗin shiga. Muna renon yaran da suka san Abuja, wasu ma Dubai da Alƙahira, amma ba su taɓa taka Kafanchan ba, takwarorinsu na Kagoro kuma ba su san Zariya ba sai a labarin rikici. A garin da kogi ya riga ya raba mazauna gida biyu tun bayan tarzomar 2000, kowace hanya da aka daina bi ƙarin katanga ce. Mutumin da ka ci tuwon acca a gidansa, ya nuna maka inda za ka ajiye mota ka kwana, da wuya wani ya zo da rana tsaka ya gamsar da kai cewa dodo ne.

Akwai fa waɗanda ba su taɓa daina zaman gida a kan taya ba, sai dai ba don nishaɗi ba. A je Mararrabar Jos ko Tafa da dare a ga direbobin tirela da tanka: tabarma a ƙarƙashin mota, risho a gefe, buta da jarka a rataye, yaron mota yana dafa taliya. Su ne magadan fatake na gaskiya, kuma yadda muka bar su suna kwana a kafaɗar titi, ba makewayi, ba ruwa, ba tsaro, ya isa ya nuna matsayin zango a wurin hukumominmu. Gwamnatin da ta kasa yi wa mai dakon abincin ƙasa wurin kwana, ba ta da bakin yi wa baƙo alkawari.

Duk da haka ban ga dalilin naɗe hannu a jira ranar da tsaro zai cika ɗari bisa ɗari ba. Tun sulhun da aka yi a Birnin Gwari a ƙarshen 2024 motoci sun ƙara bin hanyar, ko da yake mai hankali ba zai yi saurin sakin jiki ba. Hanyar Kaduna zuwa Zariya zuwa Kano kuwa, kimanin kilomita 230, an sabunta mafi yawanta, kuma cike take da motoci. Daga nan ya kamata a fara. Darasin Ayilan mai araha ne: a raɗa wa hanya suna, a kafa alluna da Hausa da Turanci da ajami, a buga taswira. Jihohin Kaduna da Kano da Katsina ba sa bukatar sabuwar ma'aikata kafin su yi wannan tare. Maimakon kwana a daji irin na Turawa, a farfaɗo da zango irin namu: fili mai katanga a cikin gari, kusa da fadar hakimi ko harabar wata makaranta lokacin hutu, da rijiyar burtsatse, da makewayi mai tsabta na maza da na mata, da wurin salla, da masu gadi 'yan garin waɗanda abincinsu ya dogara da lafiyar baƙo. Tafiya kuma a yi ta ayari, motoci biyar ko goma na iyalai, da madugu wanda ya san hanya ya kuma sanar da jami'an tsaro, a tashi da hantsi a sauka kafin magariba.

Motar ma ba sai an shigo da ita daga waje ba. Maƙeran Panteka da ke haɗa injin niƙa da ƙofofin ƙarfe daga tarkace, ba gado mai naɗewa da akwatin girki a bayan Hiace ne zai gagare su ba. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, ruwa ya ɗauke, zafi bai sauko ba, hutun makarantu na Disamba kuma ya faɗo a tsakiya. Ayarin farko ba ya bukatar wuce kwana uku: Kawo zuwa Turunku, kwana a Zariya, kwana a Kano, a juyo gida.