Daga Layi Biyu a Allo Zuwa Digirin Digirgir

Da yawa daga ɗaliban da ke shiga sashen tattalin arziki a Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello suna zuwa ne da zaton za a koya musu dabarun tara dukiya. Ba a daɗe da fara zango ba sai su ga malami ya ja layi biyu a allo, ɗaya na hawa, ɗaya na gangara, sun sarƙe a tsakiya. Darasin buƙata da wadata ke nan. Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya riga ya san rabinsa: da kaka hatsi kan cika kasuwa, farashi ya karye, tsakiyar damina kuma, rumbuna sun yi ƙasa, kwanon gero ya gagari talaka.

Daga nan karatun kan rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na duba yadda magidanci ko mai masana'anta ke yanke shawara da ɗan abin da ke hannunsa. Ɗayan na kallon ƙasa baki ɗaya: hauhawar farashi, rashin aikin yi, darajar naira. Wannan reshe ya samu gindin zama ne bayan littafin da John Maynard Keynes, ɗan Ingila, ya fitar a 1936. Cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023 ya ba malamai misalin da ba ya buƙatar dogon bayani, domin kuɗin mota ya tashi, kayan abinci suka bi sahu.

Inda gizo ke saƙa shi ne lissafi. A aji biyu da uku, aljabra da ƙididdiga kan mamaye darussa, wanda ya zo nan don gudun lissafi sai ya sha mamaki. Ya kamata a riƙa faɗa wa yara wannan gaskiyar tun suna sakandare.

A digiri na biyu da na digirgir, haddar ra'ayoyin magabata ba ta wadatarwa. Dole ɗalibi ya kawo tambayarsa, ya nemo hujja. Dubi aikin Jenny Aker, Ba'amurkiyar da ta bibiyi kasuwannin hatsi a Nijar. Tsakanin 2001 da 2006 sabis ɗin wayar salula ya riƙa isa garuruwa ɗaya bayan ɗaya, wannan ya ba ta damar kwatanta kasuwannin da suka samu da waɗanda ba su samu ba tukuna. Ɗan kasuwar da a da sai ya hau mota kafin ya ji nawa ake sayar da buhu a wani gari, yanzu kira ɗaya ya ishe shi. Binciken, wanda aka buga a 2010, ya nuna tazarar farashi tsakanin kasuwanni ta ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma raguwar ta fi ƙarfi tsakanin kasuwannin da kuɗin dakon kaya ya fi tsada.