Zafin da ke kwana a ɗaki: sauna, barci da lafiyar jiki a gabashin Sakkwato

Duk wanda ya san garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo ya san cewa daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan fari, hirar mutane ba ta wuce zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan haura digiri 40 da rana, da dare kuma da ƙyar yake sauka ƙasa da 27. Zafin rana kowa ya san maganinsa: inuwa da ruwan randa da haƙuri. Wanda ba a cika yin maganarsa ba shi ne zafin dare, wanda ke bin mutum har kan shimfiɗarsa. A ganina shi ne ya fi cin jiki, domin yana sace barci, barci kuwa shi ne lokacin da jiki ke gyara kansa.

Abin da ya sa na ɗauko wannan batu shi ne yadda ake ta yayata amfanin sauna a kafofin sada zumunta, har wasu otal-otal da wuraren motsa jiki na manyan biranenmu sun fara tanadar ta. Matasa masu karatu kan yi tambaya mai ma'ana: idan zafi magani ne kamar yadda ake faɗa, ashe mu da muke kwana cikinsa mun riga kowa samun lafiya ke nan? Amsar ita ce a'a, kuma dalilin yana da amfani ga mai gina ɗaki da manomi da mai jego.

Sauna ɗaki ne na katako da ake ɗumama shi da duwatsu masu zafi har ya kai digiri 80 zuwa 100. Gidanta ƙasar Finland, inda ta zama al'ada har hukumar UNESCO ta sanya ta cikin al'adun da duniya ta gada a 2020. Mutum kan zauna ciki na minti biyar zuwa ashirin, ya yi gumi sharkaf, sannan ya fito iska mai sanyi ko ya faɗa ruwan tafki, ya sha ruwa, ya huta. A 2015 aka wallafa binciken da ya yi mata suna, wanda ya bi maza 2,315 na yankin Kuopio na tsawon shekara ashirin. An ga cewa masu shiga sauna sau huɗu zuwa bakwai a mako sun fi masu shiga sau ɗaya tsira daga mutuwar fuju'a ta ciwon zuciya. Binciken ya nuna alaƙa ce tsakanin abubuwan biyu, bai tabbatar da cewa sauna ce kaɗai sanadi ba. Amma ko da an karɓe shi yadda yake, sai a lura da sharuɗɗansa: zafi ne na ɗan lokaci, wanda mutum ya shiga da ganin damarsa, da ruwan sha a kusa, kuma sanyi na jiransa a bakin ƙofa. Rabin maganin yana cikin wannan sanyin.

Don a fahimci haka sai a dubi yadda barci ke zuwa. Zafin cikin jikin mutum yana kusa da digiri 37, amma ba a tsaye yake ba. Idan duhu ya shiga, ƙwaƙwalwa kan saki wani sinadari mai suna melatonin, ɗaya daga cikin sinadaran da likitoci ke kira homon, wato 'yan aiken da ke bin jini suna kai umarni ga gaɓoɓi. A lokacin ne jijiyoyin jinin tafin hannu da na ƙafa ke buɗewa, zafin ciki ya fito ta fata, jiki ya ɗan huce. Wannan hucewar ce ke buɗe ƙofar barci. Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Texas ta Amurka, da suka tattara nazarce-nazarce a 2019, suka gano cewa wanka da ruwan ɗumi awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya na rage lokacin jiran barci da kimanin minti goma. Ruwan ɗumin yana jawo jini zuwa fata ne, sai zafin ya fita da sauri bayan an fito. Haka sauna take yi da yamma. To amma idan bango da katifa da iskar ɗaki duk sun kusa zafin fata, zafin cikin ba shi da inda zai je sai ta gumi. A ƙarshen Mayu kuwa, lokacin da iska ta cika da danshi kafin damina ta kankama, gumin ma ba ya bushewa. Sai mutum ya kwana yana juyi, barci mai nauyi ya ragu, barcin mafarki ya gutsuttsure.

Asarar ba ta tsaya ga hamma da kasala ba. Sinadarin girma, wanda ke gina jikin yaro kuma yake gyara tsokar babba, yawancinsa a cikin barci mai nauyi na farkon dare ake sakinsa. Kotizol, sinadarin da ke tayar da jiki don fuskantar wahala, ya kamata ya kwanta da dare ya tashi da asuba. Ƙarancin barci kan bar shi a sama da yamma. Jikin da bai samu barci ba yana rage jin umarnin insulin, abin da ke da haɗari ga mai ciwon sukari. A 2011 masu bincike a Jami'ar Shikago sun taƙaita barcin samari lafiyayyu zuwa awa biyar na mako ɗaya, sai sinadarin mazakuta, wato testosteron, ya ragu da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Ko ita saunar ba ta kuɓuta ba: wani ƙaramin bincike a Padua ta Italiya a 2013 ya nuna cewa shiga sau biyu a mako na wata uku ya rage yawan ƙwayoyin maniyyi, kodayake sun dawo daidai bayan an daina. Masu neman maganin ƙarfin maza a kasuwa da bazara ya kamata su fara tambayar kansu awa nawa suka yi barci.

Akwai kuma ƙoda. Idan gumi ya yi yawa, jiki kan saki sinadaran da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa da gishiri. Dabara ce mai kyau ta yini ɗaya, amma idan ta zama ta kullum tana gajiyar da ƙoda. An ga yawaitar ciwon ƙoda a tsakanin masu saran rake a Nikaragwa da El Salbado, kuma zafi da ƙishirwa na cikin manyan abubuwan da ake zargi. Manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, da mai noman shinkafa a ƙarƙashin madatsar ruwan Goronyo da ke kan kogin Rima, noman rani suke yi, girbinsu kuma kan faɗo cikin watannin zafi. Sun yini a rana, idan dare bai ba su sanyi ba, sun wayi gari da bashin jiya a jikinsu.

Wannan ba matsalarmu kaɗai ba ce. Wani bincike da aka jagoranta daga Jami'ar Kopenhagen aka wallafa a 2022, wanda ya auna barcin mutum fiye da 47,000 a ƙasashe 68, ya ƙiyasta cewa zafin dare na cinye wa mutum kimanin awa 44 na barci a shekara, kuma asarar ta fi tsanani ga tsofaffi da mata da mazauna ƙasashe matalauta. A farkon Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a Kayes ta ƙasar Mali, asibitin Gabriel Touré na Bamako kuma ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Masana da suka yi nazarin abin sun jaddada cewa dararen ma ba su huce ba. Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah.

Mu ma muna da namu ɗakunan zafi tun kafin mu ji sunan sauna. Akwai sirace, inda mai mura ko zazzaɓi ke lulluɓa a kan tukunyar ganye. Akwai wankan jego, da ruwa mai tsananin zafi safe da yamma har kwana arba'in, a wasu wuraren har da kwanciya a gadon ƙasa da aka hura wuta ƙarƙashinsa, ga kunun kanwa. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun danganta waɗannan al'adu da yawan ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa: zafi na sa zuciya aiki fiye da kima, gishirin kanwa kuma na tara ruwa a jiki. Binciken baya-bayan nan da likitocin Kano suka jagoranta ya nuna cewa lamarin ya fi wanka faɗi, akwai rashin abinci mai gina jiki da hawan jinin masu ciki. Duk da haka hankali bai yarda a tafasa mai jego a watan Afrilu kamar yadda ake yi da hunturu ba. Ruwa ya zama mai ɗumi, wanka ya zama gajere, a rage kanwa. Idan ta fara haki, ko ƙafafunta suka kumbura, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, asibiti za a nufa ba tukunya ba.

Tambayar da ta rage ita ce yadda muka rasa sanyin darenmu. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa a Wurno, inda ya rasu a 1837, da lokacin da aka haifi Sardauna Ahmadu Bello a Rabah, ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara ake yi. Soro yana hana zafin rana shiga da wuri, idan ya ɗau ɗumi da dare kuwa sai a fito tsakar gida ko ƙofar zaure a shimfiɗa tabarma. Yau mun koma bulo da kwano, sau da yawa babu silin, da taga ɗaya ƙarama. Kwano na mai da ɗaki tanda da rana, bango ya sha zafin, ya yi ta amayar da shi har tsakar dare. Wutar lantarki ba ta da tabbas, bishiyoyin da ke kewaye da gari kuma sun tafi itacen girki.

Abin da ya fi ciwo shi ne tsaro. A ƙauyuka da dama na waɗannan ƙananan hukumomi uku, hare-haren 'yan bindiga sun hana mutane kwana a waje. Magidanci na kulle ƙofa da taga a daren da iska ba ta motsi, ya kwanta kunnensa a buɗe. Waɗanda aka raba da gidajensu, irin waɗanda suka taru a Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah tun bayan hare-haren 2018, sun san cunkoso a ɗaki ɗaya, a lokacin da sanƙarau ke yawo. Tsoro na tayar da kotizol, zafi na hana jiki hucewa, su biyun sun haɗu a kan mutum ɗaya. Duk wanda ke lissafin asarar rashin tsaro ya sa dararen da ba a yi barci ba a cikin lissafinsa.

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya, kuma da yawa daga cikin gyaran ba ya bukatar dukiya. A watsa ruwa a jiki awa ɗaya ko biyu kafin kwanciya, a yayyafa wa tsakar gida ruwa da magariba. Inda akwai kwanciyar hankali, a kwana a waje cikin gidan sauro. A bar shayi mai kauri da hasken waya idan dare ya yi. Mai gini ya sa silin ko da na tabarma ne ko zana, ya buɗe tagogi biyu masu kallon juna, ya shafa wa kwano farin fenti, ya dasa dogon yaro ta yamma da ɗaki. Manomi ya yi sammako, ya bar gona daga hantsi mai zafi zuwa la'asar, ya sha ruwa kafin ƙishirwa ta kama shi. Ƙailula ba lalaci ba ce. Addininmu ma ya yi sassaucin jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta. A riƙa leƙa tsofaffi da jarirai da dare, domin su ne jikinsu bai iya kare kansa sosai. Wanda aka ga ya rikice, ko yana sambatu, jikinsa ya yi zafi rau, a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti.

Sauran aikin na hukuma ne. Ɗakunan haihuwa na asibitocin karkara da ɗakunan kwanan ɗalibai su ne suka fi cancantar silin da fanka mai aiki da hasken rana, musamman da yake jarrabawar kammala sakandare na faɗowa a Mayu da Yuni. Gargaɗin zafi da hukumar NiMet ke fitarwa ya kamata ya isa gidajen rediyo da Hausa da Fulfulde, tare da bayanin abin da za a yi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da asibitin koyarwarta suna da masanan da za su iya auna zafin ɗakunan kwana a Wurno da Rabah da Goronyo, su kwatanta soro da kwano, domin mai gini ya samu hujja daga ƙasarsa.

Mutumin Finland yana biyan kuɗi ya shiga zafi na minti goma sha biyar saboda ya tabbata sanyi na jiransa. Mu zafin kyauta muke samu, sanyin ne ya zama abin nema. Saboda haka kafin wani ya yi sha'awar sauna, ya fara duba ɗakin da mahaifiyarsa ke kwana a watan Afrilu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya dawo mana da dararen da za a kwana a tsakar gida ba tare da fargaba ba.